MAI TACE BIDIYO: ƊAN AIKE NE KO MARUWAICI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Makonni uku da suka wuce, bayan mun idar da sallar isha'i a masallacinmu na nan Malali, wani matashi ya tsaya a gefe har jama'a suka watse. Na san shi sarai. Shi ne mai ɗaukar karatunmu na ranar Asabar da kamara, ya je ya tace, ya ɗora sunan littafi da lambar darasi, ya yanka shi guntu-guntu yadda zai shiga WhatsApp ba tare da ya cinye wa mutane data ba. Fostar wa'azin da kuke gani a nan ma shi yake zana ta. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce:

"Allah gafarta Malam, fatawa na zo nema, amma kunya nake ji."

Na ce, "Ɗana, ba a kunya wajen neman sani. Faɗi."

Ashe yaran wani ɗan siyasa ne suka kawo masa bidiyon wani malami na minti 40. A tsakiyar karatun malamin ya ce: wasu suna cewa duk wanda ya zaɓi wane ya bar Musulunci, to wannan magana ɓata ce. Abin da suke so shi ne a cire "wasu suna cewa" daga farko, a cire "wannan magana ɓata ce" daga ƙarshe, a bar tsakiyar. Sakan 17 kacal. Za su biya naira 150,000. Shi kuwa kuɗin hayar shagonsa ya ƙare, mahaifiyarsa kuma tana kwance.

Ya ce, "Malam, ni fa ba zan ƙara masa ko harafi ɗaya ba. Muryarsa ce, bakinsa ne, ni almakashi kawai zan sa. Kuma in ban yi ba, wallahi kafin gobe wani zai yi."

Na nemi izininsa in rubuta wannan ba tare da ambaton suna ba, ya amince. Domin tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Daga Malali zuwa Unguwar Rimi, Badarawa, Kawo, Tudun Wada har Rigasa, ga samari da 'yan mata nan birjik da suka iya Photoshop da Canva da CapCut, suna haɗa hoto da sauti da rubutu da motsi su zama abu guda. Da wannan suke ci, da shi suke biyan kuɗin makaranta. Mu kuwa malamai, da an ambaci sana'arsu, tambaya ɗaya muka iya: hoto halal ne ko haram?

To bari mu fara sallamar wannan tambayar, don kada a ce an kauce mata.

Hadisan da suka tsananta a kan masu yin surar abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim, ba mai musun su. Akwai ƙissar labulen Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, mai surori a jiki, wanda Manzon Allah (SAW) ya nuna ƙyamarsa har aka yanka shi aka yi matashin kai da shi. Akwai kuma bayanin Ibn Abbas game da sunayen nan biyar da suka zo a aya ta 23 cikin Suratu Nuh, cewa mutanen kirki ne aka kafa musu abin tunawa bayan rasuwarsu, da zamani ya ja ilimi ya gushe sai aka koma bauta musu. Inda malamai suka yi saɓani shi ne: wace sura ake nufi? Malikiyya, mazhabar da muka tashi a kanta, sun taƙaita haramcin ga sura mai inuwa, wato mutum-mutumi, mai cikakkun gaɓoɓi, ta abu mai rai. Zanen da yake shimfiɗe a takarda ko bango sun ajiye shi a babin karhanci ko barin abin da ya fi. Da kamara ta zo, Sheikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya yi risala yana cewa hoton kamara tsare inuwa ne kamar yadda madubi yake nuna ta, ba kwaikwayon halitta ba ne. Sheikh Ibn Baz da Sheikh Albani sun tafi a kan hani sai da larura. Sheikh Ibn Usaimin ya sassauta a kan hoton kamara, ya mayar da hukuncin ga abin da aka yi nufi da shi. Duk wanda ya bi ɗaya daga cikin waɗannan da gaskiyar zuciya, ba a ce masa ya fita daga hanya.

Amma ku lura da kyau. Ko da mun ɗauki fatawa mafi sauƙi, ba ta amsa tambayar yaron nan ba. Ko da mun cire hoton gaba ɗaya mun bar sauti zalla, kamar kaset ɗin da, laifin yana nan daram. Ashe matsalar ba a hoton take ba, a amana take.

Malamanmu na hadisi sun riga mu gamuwa da wannan mas'ala tun ƙarnuka masu yawa, ba kwamfuta ba intanet. Sun tambayi kansu: shin ya halatta maruwaici ya taƙaita hadisi, ya kawo wani yanki ya bar wani? Hafiz Ibn Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan Hijira, ya tattaro matsayar a Nukhbatul Fikar: ba a yarda da gangancin rage lafazi ba sai ga masanin da ya san abin da yake juya ma'ana. Idan abin da za a bari a baya sharaɗi ne, ko togaciya, ko ƙarshen zancen da farkonsa ya rataya a kai, to yankewa ha'inci ne. Kowane ɗalibi ya san misalin aya ta 43 a Suratun Nisa'i. Ayar tana hana kusantar sallah a halin maye. Wanda ya karanta rabin farko ya yi shiru, bai ƙara ko wasali ɗaya ba, amma ya jingina wa Allah hana sallah. Shin za mu karɓi uzurinsa idan ya ce shi almakashi kawai ya sa?

Haka kuma suna da abin da suke kira mudraji, wato maganar maruwaici ta shige cikin matanin hadisi har mai ji ya zaci daga ciki take. Suna da tadlisi, wato ɓoye aibin sanadi ta hanyar lafazin da ba ƙarya ba ne kai tsaye amma yana sa a zaci abin da ba shi ba. Yanzu ku dubi teburin mai tace bidiyo. Rubutun da ya ɗora a saman bidiyo da jan launi, "Malam ya fasa ƙwai", alhali Malam tambaya yake amsawa a kan iddar mace, wannan ba idraji ba ne? Sautin tashin hankalin da ya sa a ƙarƙashin magana don zuciya ta buga? Hoton taron bara da ya manna a kan labarin bana? Bidiyon wata ƙasa da ya cire masa kwanan wata da sunan gari? Wannan ai tadlisi ne tsagwaronsa.

Shi ya sa na ce wa yaron: ɗana, kai ba ɗan aike ba ne, kai maruwaici ne. Duk wanda ya ga sakan 17 ɗin nan, ta hannunka ya ji malamin. Kai ne sanadinsa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kakanninmu sun faɗi haka ne a zamanin da ido ba ya ganin abin da bai faru ba. Har yau talaka a kan wannan karin maganar yake tafiya: in ka ce masa ƙarya ne, sai ya ce ai da idona na gani a waya. Ka ga ke nan mai tace bidiyo yana riƙe da yardar da mai baki bai taɓa samu ba. Yanzu ma abin ya wuce yanka. Da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗaukar muryar mutum daga 'yan mintuna na karatunsa, a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, har leɓe yana motsi daidai. Malaman da suka riga mu gidan gaskiya, irin su Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, muryoyinsu suna nan dubbai a wayoyin mutane, su kuwa ba sa nan balle su ce ba mu faɗa ba. Wa zai tsare musu amanarsu in ba masu wannan sana'a ba?

Kada wani ya ce ana kambama abu. A watan Yunin 2018 an yi kashe-kashe na gaske a yankin Barikin Ladi na jihar Filato. A cikin waɗannan kwanaki aka yaɗa wasu hotuna masu tayar da hankali a Facebook da sunan daga can suke. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamban shekarar ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012, wani hoton kuma ya yi watanni yana yawo kafin rikicin. Ranar 24 ga wata aka tare hanya, aka fito da matafiya 11 daga motoci aka kashe, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan nan sun ƙara wa wutar fetur. A wannan rikicin ne kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye maƙwabtansa Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa. Wani ya buɗe ƙofa rayuka suka tsira, wani ya danna waya rayuka suka salwanta. Mu mutanen Kaduna ba sai an ba mu labari ba. A Nuwamban 2002, rashin ladabin da aka rubuta a wata jarida game da Fiyayyen Halitta (SAW) ya jawo rikicin da ya ci rayuka sama da 200 a garin nan, Musulmi da Kirista, akasarinsu ba su ma taɓa ganin jaridar ba. Har yau kogin nan da ya ratsa ta bayan Malali yana tuna mana yadda garin ya rabu biyu.

Akwai hadisin Samura ɗan Jundub a cikin Bukhari, na doguwar mafarkin da Manzon Allah (SAW) ya ba sahabbai labari. A ciki an nuna masa wani mutum ana tsaga masa gefen baki da ƙugiyar ƙarfe har ƙeya, aka bayyana masa cewa mai ƙaryar nan ne da ake ɗauka daga gare shi har ta kai sasannin duniya. Malaman da suka yi sharhin hadisin a da, ƙaryar da suka sani ita ce wadda ayari yake ɗauka daga gari zuwa gari a cikin watanni. Mu kuwa muna ganin ta tashi daga shago ɗaya a Kaduna da hantsi, kafin la'asar ta isa Maraɗi, Kumasi da Jidda.

To sai hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi. Wani zai ce: maƙeri yana ƙera wuƙa, ba a tambayarsa wa aka yanka da ita. Tela yana ɗinka riga, ba ruwansa da inda aka je da ita. Me ya sa mai zane zai ɗauki laifin wanda ya ba shi aiki?

Amsa ita ce wuƙa tana da fuska biyu, ana yanka rago da ita, ana yanka mutum, maƙeri kuma bai san wacce za a yi ba. Idan ya sani, hukunci ya canza. Malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, da sayar da makami ga wanda aka san ta'adi zai yi da shi, saboda toshe ƙofar ɓarna, kuma saboda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare iyaka. Wanda ya koyar da tace bidiyo, ko ya sayar da kwamfuta, shi ne kamar maƙeri. Amma wanda aka ce masa cire nan, bar nan, don a ce malam ya kafirta mutane, wannan ba wuƙa ya ƙera ba. Shi ya yi yankan.

Hujja ta uku ita ce wadda ta hana ni barci: in ban yi ba wani zai yi. Kuma haka aka yi. Yaron ya mayar musu da bidiyonsu. Bayan kwana huɗu sai ga sakan 17 ɗin nan yana yawo, wani hannun ya yi. Ya dawo wurina idonsa ja, ya ce, "Malam, ga shi an yi. Malamin bai tsira ba, ni kuma na rasa kuɗin. Me na samu?"

Ban gaya masa cewa gobe Allah zai aiko masa da ninkin kuɗin ba, don ban san gaibu ba, kuma ba na son in ɗora imaninsa a kan alkawarin da ba ni da ikon cikawa. Na ce masa: ɗana, ba a ɗora maka hana duk ƙaryar duniya ba, an ɗora maka kada ta bi ta hannunka. Ranar da za a tsayar da malamin nan da waɗanda suka ci mutuncinsa, za a kira wanda ya biya, da wanda ya yanka, da waɗanda suka yaɗa ba bincike, alhali aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce su da su tantance labari kafin su cutar da mutane cikin jahilci. Sunanka ba ya ciki. Da hujjar "wani zai yi" tana wanke mutum, da mai shaidar zur a kotu ya wanku, da mai tauye mudu a kasuwa ya wanku, don kowannensu yana da wanda zai maye gurbinsa. Larura kuwa tana halatta wa mai yunwa cin mushe, amma ba ta halatta masa cin naman ɗan'uwansa. Sannan na ce masa akwai abin da ya rage a hannunka: kana da cikakken bidiyon a ƙwaƙwalwarka, ka san daga minti na nawa aka yanko. Nemo asalin, ka jera su gefe da gefe, ka sake shi. Ya yi hakan. Bai kai inda na ƙaryar ya kai ba, amma duk wanda ya nemi gaskiya yanzu zai same ta.

Yanzu bari in juyo kanmu, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da yaron ya tafi a daren farko, sai na zauna ina lissafi. Shekara biyu yana ɗaukar karatuna. Kamararsa ce, kwamfutarsa ce, datarsa ce. In an ɗauke wuta, shi yake sayen fetur ya tayar da janareta, kuma kowa ya san yadda farashin fetur ya koma tun daga 29 ga Mayun 2023. Karatun awa ɗaya yakan ci masa awa huɗu ko biyar a gaban allo. Me nake ba shi? Kuɗin mota wani lokaci, da "Allah Ya yi albarka, aikin Allah ne". Wallahi na ji kunya. Mai gyaran lasifika muna biyansa. Mai fenti muna biyansa. Wanda ya kawo yashi ba ya karɓar addu'a a madadin kuɗi. Amma mai zane da mai tace bidiyo, da yake aikinsu ba ya da nauyin da ake ɗauka a ka, sai muka mayar da shi kamar ba aiki ba. Alhali a cikin Bukhari an ambaci mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗaya daga ciki shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, bai ba shi ladansa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idan masallaci ya saba wa yaro da aikin kyauta, mai ƙarya kuma ya zo da 150,000, mu ma muna da kaso a cikin jarrabawar da ya shiga. Na kai maganar gaban kwamitin masallaci, an yanka masa abin da za a riƙa ba shi duk wata. Bai kai ƙimar aikinsa ba, amma an fara.

Akwai laifi na biyu da ya fi wannan muni. Yawancin bidiyoyin da ake yanka wa malamai ƙafa ba 'yan siyasa ne suke sa a yi ba. Ɗalibanmu ne, masu kishin ɓangare, suke bin karatun malamin da ba nasu ba suna neman inda harshe zai zame, su yanko, su kawo mana, mu kuma mu hau mumbari mu yi raddi a kan sakan 30 ba tare da mun nemi cikakken karatun ba. Wanda ya yi murmushi ranar da aka yanka wa abokin saɓaninsa magana, kada ya yi kuka ranar da aka yanka tasa.

Ga 'ya'yana masu wannan sana'a: kada wani ya sa ku ji kamar ku bare ne a addini. Ƙawata abu gadonmu ne. Mai zayyanar allo ranar saukar Alƙur'ani, magina masu zanen dagi a fuskar soro, Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 har yau masana gini suke zuwa kallon bakan gizonsa, duk masu ido ne irinku. Tafsirin Sheikh Gumi da aka yi shekaru ana watsawa daga masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna har ya rasu a 1992, akwai masu riƙe makirfo da masu naɗar sauti a bayansa waɗanda ba mu san sunayensu ba, amma Allah Ya san su. Ku ne magadansu. Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Kafin ku yanke magana, ku tambayi kanku: da mai maganar yana tsaye a bayana, zai ce haka nake nufi? Ku rubuta ranar karatu da wurinsa a jikin kowane guntu. Ku ajiye asalin, kada ku goge. In hoton ƙirƙira ne, ku rubuta a jikinsa cewa ƙirƙira ne. Kada ku taɓa hoton 'yar mutane ba da izininta ba. Kuma ku faɗi kuɗin aikinku tun farko, ko da a gaban malami ne, wannan ba rashin ladabi ba ne.

Ga sauran 'yan uwa: duk guntun bidiyon da ya sa jininka ya tafasa a cikin sakan 20, tsaya tukuna. Nemi abin da aka faɗa kafinsa da bayansa. In ba ka samu ba, bar shi ya mutu a wayarka.

Mahaifiyar yaron nan har yanzu tana jinya. Ku sa ta a addu'a.

Allah Ya tsare hannayenmu da harsunanmu daga cin amanar bayinSa, Ya wadata matasanmu da halal, Ya yafe mana abin da muka tauye na haƙƙin waɗanda suke yi mana hidima. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.